Ranar Kori a Makarantar 'Yata

A ƙarshen kowane wata 'yata kan dawo daga makaranta da wata takarda a jakarta, jerin abincin rana na watan gobe. Kowace rana da gurbinta, an rubuta abin da za a ci, a ƙasa kuma an jera duk abin da ya shiga tukunya, har mai da kayan ɗanɗano. Haka yawancin makarantun firamare na gwamnati suke a Japan. Ba a zuwa da abinci daga gida. Yaran da ke kan aiki a makon su ne za su sanya farar riga da hula da takunkumi, su ɗauko tukwane, su raba wa 'yan ajinsu, malama ma ta zauna ta ci abin da suka ci. Mu da karatun maigidana ya kawo mu Osaka, takardar nan ta zama mana aikin dare. Sai mu baje ta a tebur, waya a hannu, muna farautar harafin 豚, wato alade, da duk wani naman da ba mu san yankansa ba. Ranar da muka gani sai mu zagaye ta da jan biro, ranar ni zan dafa abin da za ta tafi da shi. Makarantar ta amince da wannan tsarin tun ranar farko, ba musu.

Ta shiga aji ɗaya a watan Afrilu, lokacin da shekarar karatu ke farawa a nan, tana da shekara 6. Ranar kifi ta ci nasu, ranar nama in zuba mata dafa-duka ko taliya a 'yar kula, ta cinye tas. Sai na lura sau biyu kular ta dawo da rabin abinci, kuma duka biyun sun faɗo ranar kori. Na tambaye ta ko ba daɗi ne. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, da daɗi. Amma ranar kori kowa murna yake yi, har layin ƙari ake yi. Ajin duka ƙanshinsa yake. Ni kaɗai nawa ja ne."

Maganar ta tsaya mini a rai. Yarinyar nan ba yunwa ke damunta ba. Ta riga ta bambanta da kowa a fata da gashi da suna, ba ta taɓa kuka da ko ɗaya ba. Abu ɗaya ta roƙa, kwanonta ya yi kama da na ta kusa da ita sau ɗaya a wata.

(A bakin Japanawa sunan abincin karee raisu, da jan wasali. In na rubuta shi yadda suke faɗa zai yi karo da sunan dabba a Hausa, saboda haka zan tsaya a kan kori, yadda muke kiran garin a kasuwanninmu.)

Abin da ke gabana ke nan: miya mai launin ƙasa-ƙasa, mai kauri, mai ɗan zaƙi, marar yaji, da nama da karas da dankalin Turawa manya-manya a ciki, ga farar shinkafa mai danƙo. Ta zama halal daga mai har zuwa romo. Kuma ta bar gida da ƙarfe 8 na safe, a buɗe ta bayan sha biyun rana tana nan da zafinta.

Me ya hana a saya a kanti

Matan Japan kaɗan ne ke haɗa kori tun daga tushe. Akwai dunƙulen da ake sayarwa a kowane kanti, suna kiransa ruu, an zuba shi a 'yar faranti an tsaga shi gida-gida kamar cakulan. Ki dafa nama da kayan lambu, ki kashe wuta, ki ɓalla dunƙulen ki jefa, ya narke, miya ta haɗu. Kamfanin Bell Shokuhin ne ya fara fito da shi a wannan siffa a 1950, daga nan ya mamaye gidaje. A jikin kwalin akwai alamar yaji hawa uku: mai zaƙi na yara, matsakaici, da mai yaji.

Na tsaya a gaban kantar nan fiye da rabin awa ina juya kwalaye. Mafi yawansu an yi su da kitsen shanu gauraye da na alade, wasu har da romon alade a cikin kayan ɗanɗanon. Akwai waɗanda aka yi da man tsirrai zalla, akwai kuma masu shaidar halal da ake haɗawa a Indonesiya, amma ba kullum ake samun su a unguwarmu ba, kuma ban so abincin yarinya ya dogara da ko kaya sun iso. Na ajiye kwalayen, na ɗauki jan gwangwanin garin kori na kamfanin S&B, wanda ba komai a cikinsa sai kayan ƙanshi, kurkum da hulba da kirfa da kanumfari da masoro da ɓawon lemo da sauransu, sun haura talatin. Nama kuwa muna da inda muke saye. A kusa da masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935, akwai shagunan halal, kuma daga Osaka tafiyar jirgin ƙasa ce ta kusan rabin awa. Maigida kan je ya lodo mana daskararren naman shanu.

Tukunyar farko

Na shiga madafa da yaƙinin cewa na san kori. Na jajjaga tumatir da albasa da ɗan attarugu, na soya, na zuba garin kori, na tsaida ruwa, na jefa nama da karas da dankali a lokaci guda, a ƙarshe na dama garin masara na zuba don kauri. Shinkafa kuwa doguwar nan ta basmati na dafa, warwar, da ɗan gishiri da mai. Abinci ya yi daɗi, maigida har ƙari ya yi.

'Yata ta leƙa tukunyar, ta ɗan ɗanɗana, ta ce, "Umma, wannan miyarmu ce aka sa wa kori." Gaskiya ta faɗa. Miyar rawaya ce mai ja-ja, mai ya taso a sama, kaurin kuma mai sheƙi ne kamar kamu, dankalin ya narke, tsamin tumatir ya danne komai. Ko kusa ba ta yi kama da hoton da ke jikin kwalayen kanti ba.

Wadda ta warware mini matsalar tsohuwa ce da ke zaune a ɗakin da ke kallon namu, ta haura saba'in, 'yata na kiranta Obaacan, wato Kaka, ni ma na bi bakinta. Na kai mata 'yar miyar a kwano, na yi mata bayani da guntun Japanancina. Ta ɗanɗana, ta yi shiru, sannan ta ce, "Maman yarinya, kin soya fulawa kuwa?" Na ce wace fulawa? Ta ce ita kanta ta yi shekaru masu yawa ba ta haɗa kori da hannu ba, dunƙule take saye kamar kowa. Amma tana tuna mahaifiyarta tsaye a gaban kasko tana juya fulawa a cikin mai, da jan gwangwanin nan a gefenta, tun kafin dunƙule ya shiga kowane gida. Ta ce ranar Asabar za ta shigo ta nuna mini. Da ta zo, ba ta ɗauko ko cokali daga madafarta ba. Ta ce tukwanenta duk sun taɓa alade, gara a yi da nawa. Ban roƙe ta hakan ba, ita ta yi tunaninsa.

A nan na gane inda na ɓata hanya. Sunan ne ya ruɗe ni. Na ji kori sai hankalina ya tafi Indiya, ko ga miyar kori irin tamu. Alhali wannan abincin ba daga Indiya ya shigo Japan kai tsaye ba, ta hannun Turawan Ingila ya biyo a zamanin Sarki Meiji, wanda ya hau mulki a ƙarshen shekarun 1860. Su Ingilishi sun riga sun mayar da kayan ƙanshin Indiya gari ɗaya a gwangwani, suna barbaɗa shi a cikin dahuwar namansu mai kauri da fulawa. Abin da Japanawa suka karɓa ke nan, kuma a matsayin abincin Turawa suka karɓe shi. A 1872 aka fara buga yadda ake dafa shi a littattafan girki na Japan, shekarar da sarkin ya ci naman shanu aka shelanta wa jama'a, bayan ƙarnoni ana ƙyamar cin naman dabbobi a ƙasar. Sojojin ruwa suka rungume shi. Sun sha fama da cutar beriberi saboda cin farar shinkafa kusan zalla, har likitansu Takaki Kanehiro ya nuna a shekarun 1880 cewa gyara abinci na kawar da ita, ga kuma miya guda da ta haɗa nama da kayan lambu, ana dafa ta a babbar tukunya. Littafin girkin rundunar na 1908 ya faɗi yadda ake yi: a soya fulawa a kitsen shanu har ta yi launin dila, a zuba garin kori, a tsinka da romo. Har yau jiragen ruwan tsaron Japan kori suke ci ranar Juma'a.

Wato fulawa da albasa da romo su ne gidan. Garin kori baƙo ne da ke shigowa daga baya.

Albasa, sannan fulawa

Kaka ta sa na yanka albasa manya guda 3, kimanin giram 600, sirara-sirara. Na ce ba ta yi yawa ba ga rabin kilon nama? Ta ce ki jira ki gani. Muka zuba mai cokali biyu a tukunya mai kaurin gindi, muka juye albasar da ɗan gishiri, wuta matsakaiciya. Minti goman farko ruwa kawai take fitarwa, tana laushi. Ni da na saba da zarar albasa ta yi ƙanshi sai a zuba jajjage, hannuna har ƙaiƙayi yake. Ta ce a'a. Wajen minti ashirin gefenta ya fara ja, gindin tukunya ya fara kamawa. Duk lokacin da ya kama sai ta ɗiga ruwa cokali ɗaya ko biyu, ta kankare da muciya, jan da ya manne ya koma jikin albasar. Haka muka yi ta yi, a kama, a ɗiga, a kankare. Da aka cika minti arba'in, tulin albasar nan ya koma bai fi cikin ludayi ɗaya ba, launinsa kamar na dabino, yana danƙo. Suna kiran wannan mataki ame-iro, launin alewa. Ta ɗebo mini a bakin cokali. Zaƙi ne mai zurfi, babu sauran yajin albasa ko kaɗan. Nan take na gane ɗanɗanon da 'yata ke nema wanda na kasa samarwa, kuma na gane daga ina launin ƙasa-ƙasan ke fitowa. Duk wanda ya ce miki minti goma sun isa wannan aikin, wata miyar yake nufi.

Naman ƙwauri muka yi amfani da shi, mai jijiya, an yanka shi ƙanana yadda zai shiga bakin yaro. A Osaka da kewayenta in an ce kori to na shanu ake nufi, a ɓangaren Tokyo kuwa alade ya fi yawa, saboda haka a wannan fannin zamanmu a yammacin ƙasar ya yi mana rana, abin da ke kwanon 'yan ajinsu shi ne a nata. Muka tsane naman da takarda, muka barbaɗa gishiri da masoro, muka soya a kasko mai zafi kashi biyu, don in an cika kaskon ruwa zai fitar maimakon ya yi ja. Sannan muka juye shi a kan albasar, da tafarnuwa da ɗanyar citta gurzazzu, da tumatirin gwangwani cokali ɗaya tak, da ruwa lita 1. Da ya tafasa Kaka ta tsaya da ludayi tana kwashe kumfar da ke tasowa har ruwan ya washe. Muka rage wuta can ƙasa, muka rufe, muka bar shi awa ɗaya da rabi. Jijiyar ƙwauri sai ta daɗe a wuta take narkewa, kuma narkewar tata ce ke ba romo jiki, shi ya sa ban buƙaci dunƙulen romo na kanti ba, wanda shi ma sau da yawa ba ya rasa alade.

Fulawar kuwa a kasko daban. Mai giram 50, fulawa giram 60. Ranar farko bota muka sa. Daga baya na koma narkar da kitsen da nake yankewa daga jikin naman ina haɗawa da bota rabi da rabi, kamar yadda sojojin ruwan suka yi, kuma ya fi kusa da ɗanɗanon na makaranta. Wuta ƙasa-ƙasa, hannu ba ya tsayawa. Da farko abin ya dunƙule kamar ƙulli, sai ya saki ya yi ruwa-ruwa, yana ƙananan kumfa, ƙanshin ɗanyen gari ya tafi, na biskit ya maye gurbinsa. Tsakanin minti 15 zuwa 20 ya yi launin tunkuza. A nan ake tsayawa. Gwargwadon duhun da fulawa ta yi, gwargwadon raguwar ƙarfinta na kaurara miya, shi ya sa ake ɗan rinjayar da ita a kan mai. Kaka ta sauke kaskon daga wuta gaba ɗaya kafin ta zuba garin kori cokali biyu manya, ta juya a cikin zafin da ya rage, ba ta kai minti ɗaya ba.

Wannan saukewar na raina ta, kuma na ga sakamakonta. Satin da ya biyo baya da na yi ni kaɗai, na zuba garin kaskon yana kan wuta, na juya na ɗauko wani abu. Da na dawo ya yi duhu, ƙanshin ya koma ƙauri. Na ce ai romo zai ɓoye. Bai ɓoye ba. Ɗacin ƙonannen kurkum da hulba ya ratsa tukunyar duka, ba sukari ba tuffa da ya iya danne shi. Tun daga ranar, in ruu ɗina, wato soyayyar fulawar nan, ya ƙone zubar da shi nake yi in sake wani, asarar fulawa da bota ta fi sauƙi a kan asarar rabin kilon naman da aka yo tun daga Kobe.

Karas na shiga saura minti 30 a sauke, dankali saura minti 15 zuwa 20. Suna yanka karas da wani salo, ki yanka a karkace, ki mirgina shi kaɗan, ki sake yankawa, sai ya fito da fuskoki da yawa. Dankali kuwa iri biyu ne suka fi yawa a kantunan nan. Danshaku mai gari ne, yana wargajewa. May Queen dogo ne mai santsi, yana riƙe jikinsa, shi nake saye. Rabin tuffa gurzajje ma a wannan lokacin yake shiga. Tuffa da zuma a cikin kori sun samu karɓuwa ne tun 1963, da kamfanin House ya fito da Vermont Curry mai sauƙin yaji, wanda ya mayar da kori abincin da yara da manya ke ci daga tukunya ɗaya. Korin makaranta a wannan layin yake.

In komai ya dahu sai a kashe wuta, a ɗebi romo ludayi ɗaya a zuba a kan ruu, a dama ya saki, a ƙara wani, sai ya zama kamar kunu mai kauri, sannan a juye a tukunya. In aka jefa shi a ruwa yana tafasa, bayansa ne zai dahu ya rufe cikinsa, a samu gudaji. A mayar da wuta ƙasa, minti goma ana juyawa daga gindi, miya tana zaɓalɓala a hankali. Gishiri a ƙarshe, da ɗan miyar waken soya mai shaidar halal, don wasu ana ƙara musu barasa.

Zumar da ta tsinka miya

Tukunya ta huɗu ta fito yadda nake so, launi da kauri da komai. Na ɗanɗana na ji kamar zaƙin bai kai na yara ba, sai na ɗiga zuma cokali ɗaya bayan na kashe wuta, na juya, na rufe. Kafin maigida ya dawo daga jami'a miyar ta tsinke, ta koma kamar farfesu, ba wanda ya ƙara ko ɗigon ruwa. Na rasa ta inda aka hau. Shi ne da ya dawo ya ce, "Me kika sa a ƙarshe?" Da na ce zuma, sai ya yi mini bayani. Ɗanyar zuma tana ɗauke da wani sinadari, amilez, wanda aikinsa ke nan ya kakkarya sitaci. Kaurin miyar kuwa sitacin fulawa ne. Zafin tafasa na kashe sinadarin, amma ni na zuba zumar a miyar da ta fara hucewa, inda ya fi jin daɗin aiki. Masu yin dunƙulen kori ma suna gargaɗi a kan haka: a sa zuma tun da wuri tare da kayan lambu, ta yi aƙalla minti 20 tana dahuwa kafin ruu ya shiga. Irin sinadarin nan yana cikin yawun mutum, don haka cokalin da aka kai baki ba ya komawa tukunya. Gidan da ke da jariri kuma a tuna ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, dafaffiya ko ɗanya.

Shinkafa ba ta ba ni wahala ba da zarar na yarda in bar basmati. Gajeriyar shinkafar Japan ake so, mai manne wa juna, don da cokali ake ci, a ɗebo shinkafa da miya tare. Awonsu go ne, mililita 180, kimanin giram 150. A wanke sau uku ko huɗu, a jiƙa rabin awa, a dafa ba gishiri ba mai. Ranar kori nakan rage ruwan kaɗan daga layin da ke jikin tukunyar lantarki, don ta ɗan yi tsayi ta iya ɗaukar miya.

Tukunyar da ta kwana

Akwai abu ɗaya da ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma da ciwo muka koye shi. Japanawa na cewa korin da ya kwana ya fi daɗi, kuma haka ne. Mu ma mun saba, a tafasa miya da dare, a rufe, kada a taɓa, da safe a ɗumama. A ƙarshen watan Yuni, lokacin damina da zafi mai danshi, na dafa babbar tukunya ranar Juma'a da yamma, na bar ta a kan murhu ta kwana. Da safe na ɗan ɗumama sama-sama, maigida ya ci ya fita. Ni da yarinya shayi da burodi muka sha. Cikin dare ciwon ciki da gudawa suka tashe shi, sai da ya yi yini guda a kwance. Miyar ba ta yi tsami ba, ba ta yi wari ba, ba ta canza launi ba.

Likitan da ya gani ya tambaye shi abin da ya ci, da ya ji kori ne da ya kwana a waje sai ya ce ya fi zargin ƙwayar da suke kira werushu-kin. Sananniya ce a nan, hukumomin lafiya na jan kunne a kanta duk lokacin zafi, kuma kori na cikin abincin da aka fi ambata. Tana zuwa a jikin nama da kayan lambun da suka fito daga ƙasa. In ta ji zafi sai ta shige cikin wani ƙoƙo da tafasa ba ta fasa shi. Ba ta son iska, gindin tukunyar miya mai kauri kuwa babu iska, kuma kaurin na hana ta saurin hucewa. Da zafin ya sauko ƙasa da digiri 50 sai ta farka ta yi ta hayayyafa, ta fi sauri a wajen digiri 43 zuwa 45, kuma babbar tukunya na iya daɗewa a wannan zangon. Ciwon kan bayyana bayan awa 6 zuwa 18. Da ranar makaranta ce, abin da zan zuba wa 'yar shekara shida ke nan. Na daɗe ina tuna wannan.

Yanzu da zarar mun ci na dare, sai in raba sauran a ƙananan robobi marasa zurfi, in jera su a cikin ruwan ƙanƙara, su shiga firji kafin awa biyu. Wanda zai wuce kwana biyu firiza yake tafiya, bayan na tsame dankalin, don daskarewa na mayar da shi kamar soso. In za a ɗumama, sai ya tafasa sosai ana juyawa har gindi.

Safiyar ranar kori

Na sayi ƙaramin filas mai faɗin baki, irin wanda ake zuba miya. Ƙarfe 7 nake cika shi da tafasasshen ruwa in rufe minti biyar ya ɗauki zafi. A lokacin miyar tana kan wuta da ɗan ƙarin ruwa, ina juyawa har ta tafasa ko'ina. In zubar da ruwan, in cika filas ɗin da miya kusan zuwa layinsa, don wanda bai cika ba ya fi saurin hucewa, in ɗaure murfin. Masu yin irin filas ɗin sun ce a ci abin da ke ciki kafin awa 6, mu kuwa tsakanin zubawa da ci bai kai biyar da rabi ba. Shinkafa ma ta huta da ni, ranar kori farar shinkafa zalla makarantar ke rabawa, malamar ta ce yarinya ta karɓi tata a layi kamar kowa, ta zuba miyarta a kai a kwanon makaranta.

Ranar korin watan Yuli, kafin a tafi hutun bazara, ita ce ta farko da komai ya daidaita. Ta dawo ta ajiye jaka, na buɗe filas ɗin, ko ɗigo babu. A littafin da muke musayar saƙo da malama an rubuta layi biyu, cewa yau ta ci tare da kowa, har wani yaro ya leƙa kwanonta ya ce iri ɗaya ne da nasa. Na ce mata yaya? Ta ce, "Umma, naki naman ya fi yawa. Amma su nasu karas ɗin ƙanana ne, ki rage girmansa."

Na rage. Abin da ban kai gare shi ba har yanzu shi ne jan tsamin nan na kayan lambu, fukujinzuke, da ake ajiyewa a gefen kwano. Na kanti sau da yawa akwai barasar girki a cikinsa, Kaka kuma ta ce a bari sai sanyi ya shigo farin radish ya yi kyau, mu yi namu. Takardar watan Satumba ta zo, akwai farar miyar kaza mai madara a sati na biyu, na riga na zagaye ta da jan biro. Ita ma fulawa da bota ce, sai dai ana sauke kaskon tun fulawar tana fara.